Oga Ya Fi Buƙatar Mai Faɗa Masa Gaskiya Da Wuri

Duk wanda ya taɓa zama a ofis ya san irin ma'aikacin nan da ke rige-rigen karɓar jakar oga tun daga bakin mota, yana zuba "ranka ya daɗe" ba ƙaƙƙautawa, ko tari oga ya yi sai ya jera sannu uku. Mutane da yawa sun ɗauka haka ake zama lafiya da shugaba. A ganina wannan fadanci ne kawai, kuma zaman da aka gina a kansa ba ya ƙarko. Abin da ke ƙulla amana tsakanin ma'aikaci da ogansa shi ne oga ya tabbata cewa ranar da aiki ya fara lalacewa, a bakin wannan ma'aikacin zai fara ji, tun ana iya gyarawa.

Shugaba da idon na ƙarƙashinsa yake gani. Darakta ba shi ke zagaya wurin kwangila kullum ba, maigidan shago a Kantin Kwari ba shi ke ƙirga kowace dila ba. Da labarin da aka kawo masa yake yanke shawara, in aka kawo masa mai daɗi kaɗai, a makance zai yi ta sa hannu. Masu harkar jiragen sama sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, jirage biyu samfurin Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Matuƙin KLM, Jacob van Zanten, shi ne babban mai horar da matuƙan wannan samfuri a kamfaninsu. Da ya fara gudun tashi, injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar hanya. Matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar. Hazo da cakuɗewar saƙon rediyo suna cikin dalilan hatsarin, amma kwarjinin babba shi ma ya taka rawa. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa, kamfanonin jirage suka shiga koya wa ƙananan matuƙa yadda za su ja hankalin kyaftin, shi kuma aka koya masa saurare. Kamfanin Toyota ya daɗe da irin wannan tsari: ma'aikaci a layin haɗa motoci yana da igiyar da zai ja da ya ga matsala, shugabansa ya zo a duba, in ta kama a tsayar da layin.

Za a ce ai mu tarbiyyarmu ta girmama na gaba ce, yaro ba ya gyara wa babba magana. Girmamawa kam wajibi ce, amma wurinta lafazi ne da zaɓen lokaci. Sarautarmu ta san da haka, shi ya sa ake naɗa waziri, kuma wazirin da bai iya komai ba sai "gaskiya ne ranka ya daɗe" bai da amfani ga sarki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta a Kano, Diya'ul Hukkam, don shiryar da masu mulki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya jira aka tashi daga taro, ya sami oga shi kaɗai, ya ce "yallaɓai, alƙaluman nan akwai gyara, ga abin da na gani, ga kuma yadda nake ganin za a fita", ya cika ladabi kuma ya cika aiki. Wanda ya tsinka oga a gaban jama'a, ko da gaskiya a hannunsa, shi ya ɓata nasihar tasa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa a ofisoshinmu mai gaskiya ke shan wuya. Oga ke cike takardar kimanta aikin shekara, shi ke da baki a ƙarin girma, yana iya sa a jefa mutum wani lungu da sunan canjin wurin aiki. Wannan ba ƙarya ba ne, akwai shugabannin da ko an naɗe musu gaskiya cikin alharini ba za su karɓa ba. Sai dai a auna ribar bafade da kyau. Kujera juyawa take yi, kwamishina na tafiya, babban sakatare na ritaya, sabon da ya zo kuma yakan fara share fadawan wanda ya gada. Ga wani abu da ya fi wannan: ranar da masu binciken kuɗi ko EFCC suka buɗe fayil, sa hannun da ke kan takardar biya suke bi, kuma "oga ne ya ce" ba ta wanke kowa. Saboda haka in umarni ya saɓa ƙa'ida, a nemi a ba da shi a rubuce, cikin girmamawa. Oga mai hankali zai gane an tsare masa mutunci ne. Wanda ya fusata kuwa, ya nuna wa ma'aikacin irin mutumin da yake yi wa aiki.

Akwai sharaɗi guda da ba a tsallake shi. Ba a sauraron nasihar malalaci. Mai zuwa a makare, mai kwanar da fayil mako biyu a kan tebur, ko ya faɗi gaskiya za a ce neman mafaka yake yi. Sai wanda ya ce Laraba kuma aka ga aiki ranar Laraba, wanda in ya yi kuskure shi ke fara kai kansa, shi ne maganarsa ke da nauyi a kunnen shugaba.

Ku kuma shugabanni, rabin aikin a wuyanku yake. Ma'aikacin da ya kawo muku labari marar daɗi aka yi masa tsawa a gaban abokan aiki ba zai sake kawowa ba, sauran da ke kallo ma sun ɗauki darasi. Ranar da wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce "yallaɓai, akwai matsala", ku ba shi kujera ku ji ta bakinsa har ƙarshe.