A Yi Hattara Da Jabun Kwayil Na Akori-Kura

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke cikin injin mota, wanda yaro ma zai iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, amma yana jawo wa manoma da ƙananan 'yan kasuwa asara mai yawa. Abin nan kuwa shi ne kwayil, wato mai ba fulogi wuta. Jabunsa ya cika kasuwa, kuma mu mutanen ƙauye mu ne ke kwana a ciki.

Ni manomi ne, ina kuma taɓa ɗan tireda, ina bin kasuwannin ƙauye da hatsi da kayan gwari. Duk wanda ke wannan sana'a ya san akori-kura ita ce jakinmu na zamani. Ita ke kwaso masara daga gona, ita ke kai tumatir Kwanar Gafan, ita ke kai gero da wake Dawanau, in dare ya yi kuma mace na naƙuda, ita ce dai motar asibiti. Saboda haka lafiyar akori-kura ba ta mai mota kaɗai ba ce, ta gari ce baki ɗaya.

Bari in fara da bayanin aikin wannan abu yadda kowa zai gane. Batirin mota ƙarfin wutarsa bolt 12 ne, yadda masu wayarin ke aunawa. Wannan wuta ba ta isa ta yi tsalle a bakin fulogi ta kunna fetur ba. Kwayil shi ne ke karɓarta ya ninka ta har ta haura bolt 20,000. A cikinsa akwai naɗi biyu na wayar jan ƙarfe, ɗaya mai kauri kaɗan, ɗaya siririya kamar gashi wadda aka naɗa sau dubbai. In injin mai fistin huɗu yana juyi 3,000 a minti ɗaya, to yana bukatar tartsatsi 6,000 a wannan mintin, wato 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Ka ga ashe abin da ke wannan aiki cikin zafin injin da zafin ranar bazara ba abin da za a yi wa ha'inci ba ne. Masu yin jabu kuwa nan suke cin ribarsu: su rage waya, su sa mai arha, su rage abin da ke raba wayoyin kada su haɗu. Ranar farko mota za ta tashi tsaf. Sai ta ɗauki kaya ta yi zafi, sannan gaskiya ta fito.

Kowa ya sha ganin alamun. Mota na cikin tafiya sai ta fara fizga, ta rasa ƙarfi a hawa, ta mutu murus. A jira ta huce, a yi mata ki, ta tashi kamar ba ita ba, a yi 'yar tafiya ta sake mutuwa. Shi ya sa za ka ga direba ya jiƙa tsumma ya naɗe kwayil, kowane ƙauye aka tsaya sai an roƙi ruwa. Jiƙaƙƙen tsumma ba magani ba ne, jinkirta ranar wahala ne kawai.

A kakar tumatir da ta wuce, mu biyar muka haɗa kaya a wata akori-kura. Mai motar ya sa sabon kwayil bai fi mako biyu ba, a cikin kwali mai kyau, da sunan babban kamfani a jiki. Muka baro gari da asuba, hantsi bai gama ɗagawa ba motar ta tsaya cak a dokar daji. Kafin yaron mota ya hau acaɓa ya je ya samo wani, la'asar ta yi. Tumatir ba ya jiran kowa. Waɗanda ke ƙasan kwando suka zama ruwa, muka isa kasuwa ta watse, muka sayar da na sayarwa a yadda dillali ya ga dama. Abin da mai motar ya rage a kuɗin kwayil bai kai kuɗin kwando ɗaya ba, mu kuwa asarar da muka yi ta fi ƙarfin haka nesa. Kuma wannan ma da sauƙi tunda da rana ne. A wasu hanyoyinmu yanzu, mota ta mutu da dare ba maganar tumatir ake yi ba, maganar rai ake yi.

Ga kuma batun mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da ciwo ake sayenta. Motar da wutarta ba ta da ƙarfi ba ta ƙone mai yadda ya kamata. In fistin ɗaya ya daina samun wuta, uku ne ke jan kayan huɗu, direba na ƙara taka totur, ɗanyen fetur na fita ta salansa. A motocin zamani wannan ɗanyen mai yana ƙona abin nan na cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikai ke kira indomi, shi kuwa tsadarsa ta ninka ta kwayil. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

To mene ne abin yi? Ga abin da na tattaro daga zama da direbobi da masu wayarin na shekara da shekaru.

Na farko, mutum ya san irin motarsa. Mai shan dizal ba ta da kwayil ba ta da fulogin tartsatsi, don haka wannan magana ta masu shan fetur ce. Su ma iri biyu ne. Akwai tsofaffin hannu irin su Peugeot 404 da 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a kamfanin Kaduna da ya fara aiki a 1975, har yau suna nan suna fama a ƙauyuka. Waɗannan kwayil ɗaya gare su mai kama da gwangwani, shi ke ba distirbuta wuta, ita kuma ta raba wa fulogai huɗu. A irin waɗannan motoci masu kwantak, wani kwayil ana haɗa shi kai tsaye, wani kuma sai da ɗan farin abin nan mai rage wuta da ake kira rizisto. In aka auna da mita, na kai tsaye yakan nuna wajen om 3, mai bukatar rizisto kuwa wajen rabin haka. In ka sa mai bukatar rizisto ba tare da shi ba, zai yi zafi ya cinye maka kwantak ko da na asali ne. Sai kuma na zamani, kamar Toyota Hilux mai injin fetur 2.7 da ake yi tun wajen 2005, wadda kowane fulogi da nasa kwayil a kansa, huɗu ke nan.

Na biyu, kada a yanke wa kwayil hukunci ba a bincika ba. Sau da yawa laifin na fulogi ne. Fulogin da ya tsufa bakinsa yakan buɗe, sai kwayil ya riƙa wahala kafin wuta ta tsallaka, har ya gaji ya mutu. In ka sa sabon kwayil a kan tsohon fulogi, shi ma hanyar da na farko ya bi zai bi. Haka nan baƙin mai da ke tsiyaya cikin ramin fulogi in gaskit na murfin injin ya saki, da wanke injin da ruwa mai ƙarfi, da barin makulli a kunne injin ba ya aiki a tsofaffin motoci, duk suna kashe shi. A mota mai kwayil huɗu akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo: a cire wanda ake zargi a musanya shi da na maƙwabcinsa. In ciwon ya bi shi ya koma can, to shi ne. In ciwon ya tsaya inda yake, a nemi laifin a wani wuri. Masu na'urar duba mota a birni su ma sukan faɗa maka fistin na nawa ne ba ya samun wuta.

A nan ina jan kunnen masu mota. Wani makanikin zai ce a canja duka huɗun. Sai a cire uku na asali masu lafiya, a sa jabu huɗu, a bar masa na asalin ya sayar wa wani. Duk abin da aka cire daga motarka naka ne, ka karɓi kayanka ka ajiye a mota. Wata rana a daji shi zai fitar da kai.

Na uku, a saya da lamba, kada a saya da ido. Kwayil biyu na iya kama da juna kamar tagwaye amma cikinsu daban. Kowane na asali da lambarsa a jiki. Na Toyota lamba goma ce, biyar a gaba biyar a baya, kuma na kwayil yawanci da 90919 suke farawa, kamfanin Denso na Japan ne ke yi musu. Ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, ka kwafi lambar shasi ta motarka, ka sa yaro mai karatu ya gwada lambar kwali da ta jikin abin. Ka duba rubutu: in ya karkace, ko harafi ya faɗi, ko takardar da aka liƙa tana ɓarewa, ko robar bakinsa ta yi tauri kamar busasshiyar fata, to ka ajiye musu kayansu. In kuma an ce maka na asali ne amma kuɗinsa rabin na sauran shaguna, ka tambayi kanka, shi wannan mai shago sadaka ya fito yi? Araha dai ba ta ado.

Amma fa in faɗi gaskiya, masu jabu sun ƙware, wani kwalin ko mai shagon sai ya dube shi sau biyu. Don haka babban gwaji shi ne mutumin da ke sayar maka. Ka sayi kaya wurin mai shago tsayayye wanda za ka tarar gobe, ba mai talla a bakin tasha ba. Ka ce ya rubuta maka rasit da lambar abin da kalmar cewa na asali ne, da sharaɗin in ya ba da matsala cikin kwanaki kaza za ka dawo da shi. Mai kayan gaskiya ba ya tsoron biro. Wanda ya fara kame-kame yana cewa kayan wuta ba a dawo da su, to ya riga ya ba ka amsa.

Na san wani zai ce, Malam, kai kana magana ne, ina talaka zai samu kuɗin na asali yadda Naira ta faɗi? Wannan magana tana kan hanya, ban raina ta ba. Amma tsakanin na asali da jabu akwai matakai. Akwai na kamfanonin da suka yi suna kamar Denso da Bosch da NGK da Delphi, waɗanda ke zuwa a kwalinsu da sunansu, sau da yawa kuɗinsu bai kai na mai tambarin mota ba. Akwai kuma ɗan Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje. Shi ma a duba shi da kyau, kada ya kasance da tsaguwa ko baƙin layi na ƙuna a jiki, kuma a gwada shi a mota har injin ya yi zafi kafin a biya, domin akwai masu wanke wanda ya mutu a nan gida su ce ɗan Beljiyam ne. Ni ba na faɗa da kaya mai arha in an kira shi da sunansa. Mai saye ya san abin da ya saya, ya san iyakar inda zai je da shi. Abin da nake kuka da shi shi ne a sa ƙaramin kaya a rigar babba, a karɓi kuɗin babba. Wannan algus ne, daidai yake da mai zuba tsakuwa a buhun wake.

Saboda haka ina kira da babbar murya ga shugabannin 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da sauran garuruwa. Akwai mutanen kirki da yawa a cikinku, mun sani, amma wake ɗaya ke ɓata gari. Ku sa doka a tsakaninku cewa kowane kaya a faɗi matsayinsa, kuma duk wanda aka kama da sayar da jabu da sunan na asali ya biya mai mota.

Ina kira ga hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, wato SON, wadda aka kafa tun 1971, kuma tun 2005 take da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su daga waje. A tsare abin tun daga tashar jiragen ruwa da kan iyaka, domin in kwantena ta riga ta watsu a shaguna, kamun ya yi wuya. Haka ita ma hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya da aka kafa da dokar 2018, ta riƙa yin bayani da Hausa a rediyo, mutumin ƙauye ya san inda zai kai kuka.

Ina kira ga ƙungiyar direbobi a tashoshinmu, su riƙa haɗa kuɗi suna sayen irin waɗannan kaya a dunƙule daga dila amintacce, kowa ya samu rangwame. Su kuma 'yan'uwana masu kaya, in mun ga direban da ke kula da motarsa, kada mu matse shi a kuɗin ɗauko har ya rasa na gyara. Ɗan abin da muka ƙara masa shi ne ke kai kayanmu kasuwa a kan lokaci.

Daga ƙarshe, makanikai da masu wayarin, ku ji tsoron Allah. Mai mota ya ba ku kuɗin na asali, ku sayo na asali, in kuɗin bai kai ba ku faɗa masa gaskiya ya zaɓa da kansa. Amana ce a hannunku, kuma motar da kuka gyara da safe, ba ku san ko ɗan'uwanku ne zai hau ta da yamma ba.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya dawo da mu gida lafiya, amin.

Naka mai karanta jaridarka a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Jihar Kano.