Raddi Ga Mai Cewa Takunkumi Da Gwaji Aikin Banza Ne

Malam, na saurari hujjojinka, kuma shiru bai kama ni ba, tunda magana ce ta rai.

Ka ce ƙwayar korona ta fi ƙofofin takunkumi ƙanƙanta, wai tare ta da ƙyalle ɗibar ruwa ne da rariya. Ƙanƙantarta gaskiya ce, ba ta wuce kusan maikiron 0.1 ba. Sai dai ba tsurarta take tashi ba, cikin feshin yawu da tururin numfashi take fitowa, waɗanda suka ninka ta girma. Kuma takunkumi ba tankaɗe yake yi ba. Zarensa a cukurkuɗe yake, hawa kan hawa, na N95 ma har da cajin lantarki mai fizgo ƙura ta manne. Shi ya sa yake tare aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, girman da ke cikin mafi wuyar kamu. Waɗanda ba su kai haka ba kai-kawo suke ta yi a iska har su maƙale jikin zare.

Ka kuma ce wasu sun sa, amma sun kamu. To, wa ya ce katanga ce? Ragewa yake yi. A binciken da aka yi a ƙauyuka 600 na Bangaladash, wanda aka bayyana a 2021, inda aka raba takunkumi irin na asibiti cutar ta ragu da kashi 11, a tsakanin masu shekara 60 zuwa sama kuwa da kusan kashi 35. Duk mai tsoho a gida ba zai raina wannan ba.

Batun gwaji ne ya fi ba ni takaici, da ka ce ba ya warkarwa. Dama awo ne, ba magani ba. Mai korona kan yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin ko ciwon kai ya ji. Ranar 10 ga Maris, 2020, a gundumar Skagit ta jihar Washinton a Amurka, mawaƙa 61 sun taru atisaye, ɗayansu da 'yar mura. Ashe korona ce, mutum 52 suka kwanta, biyu suka rasu. Gwaji ne ke gaya wa mai irin wannan mura ya zauna a gida.

Don Allah, Malam, ka koma wurin waɗanda ka faɗa wa wannan magana ka janye ta.