Kiɗan da ba ya shiga kunne rana ɗaya

Kowane ɗan kasuwa a cikinmu ya san haja iri biyu ce. Akwai wadda ake wawasonta tun ranar da aka sauke ta daga mota, amma bayan wata uku ko an karya kuɗinta ba mai waiwayarta. Akwai kuma wadda takan kwana a rumfa mako da makonni ana wuce ta, sai mutum ɗaya ya saya ya gwada, ya dawo da ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya dawo da maƙwabcinsa, kafin a ankara ta zama ita ce ke riƙe da rumfar shekara goma. Masu sayar da atamfa da shadda daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, sun fi kowa sanin wannan, domin sun ga zanen da ke ƙyalli ranar farko ya koɗe a wanki na biyu, sun kuma ga wanda sai an wanke shi kyawunsa ke fitowa.

To ashe haka abin yake a wajen kiɗa da waƙa. Mun san cewa a cikin masu karatunmu akwai waɗanda ba su sauraron kiɗa saboda dalilinsu na addini, kuma muna girmama wannan. Sauran kuwa, waɗanda rediyo ko wayar hannu ba ta rabuwa da rumfarsu, muna so yau mu kai su ƙasar Ingila, tsakanin shekarar 1969 da 1975, inda wasu samari suka yi wani irin kiɗa da ya kamata mu ɗauki darasi daga yadda ya yi kasuwa.

Kafin wannan lokaci, waƙar Turawa ta rediyo ba ta cika wuce minti uku ba. Ana sayar da ita a ƙaramin faifan garmaho, waƙa ɗaya a kowane gefe. Babban faifai kuwa yana ɗaukar kamar minti 20 a kowane gefe, akan jera masa waƙoƙi biyar ko shida. Sai waɗannan samari, waɗanda da yawansu sun koyi kiɗan gargajiyar Turai tun suna yara, suka ce me zai hana a cika gefe guda da waƙa ɗaya tak, mai babi-babi kamar littafi? Wannan shi ne kiɗan rok mai dogon zango, wanda masu sonsa ke kira furog a taƙaice. Yawanci ana ɗora mafarinsa a kan faifan ƙungiyar King Crimson mai suna In the Court of the Crimson King, wanda ya fito a watan Oktoba na 1969. Daga nan ƙungiyoyi irin su Yes da Genesis da Jethro Tull da Pink Floyd suka ɗauka. A 1972 Jethro Tull suka fitar da Thick as a Brick, waƙa ɗaya ce mai fiye da minti 40, sai da aka raba ta gida biyu don faifan ba zai ɗauke ta a gefe guda ba.

Abin da kusan duk masu sauraron irin wannan kiɗa ke faɗi shi ne ba su so shi a jin farko ba. Kuma akwai dalili. Waƙar da aka saba da ita tana da amshi da ke dawowa kowane rabin minti, saboda haka kafin ta ƙare ka haddace. Wannan kuwa tana iya dasa wani kari a farko, ta bar shi, sai bayan minti goma sha biyar ya dawo cikin wata kama, da wani abin kiɗa daban. Wanda ya ji sau ɗaya ba zai gane cewa tsohon baƙonsa ne ya dawo ba. Sai a ji na uku ko na huɗu kunne ke cewa, af, ai na san wannan. Ɗauki Close to the Edge na ƙungiyar Yes, wanda ya fito a 1972. Waƙoƙi uku ne kawai a faifan, ta farko ta cinye gefe guda da minti 18 da ɗoriya. Tana farawa da kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa, sannan kusan minti uku na wani kiɗa mai kama da hayaniyar tasha ranar kasuwa, kafin ainihin karin ya bayyana. Mai gaggawa a nan yake kashewa. Wanda ya daure shi ne zai kai inda komai ya lafa, aka shigo da ogan ɗin wata coci ta Landan, ya kuma gane daga baya cewa hayaniyar farkon ma a tsare take. Hatta bugun gangar sabo ne ga kunne. Waƙar Money ta Pink Floyd, wadda ke farawa da ƙarar sulalla da injin ajiyar kuɗi na kanti, an gina yawancinta a kan bugu bakwai maimakon huɗun da aka saba, shi ya sa ƙafar mai rawa ke harɗewa a farko.

Wannan daidai yake da goro. Yaron da ya fara ɗanɗana shi tofarwa yake yi. Babba ya san cewa bayan ɗacin akwai zaƙin da ke biyowa, musamman in an kora da ruwa.

Yanzu mu duba yadda wannan haja ta yi a kasuwa, domin nan ne abin ya fi shafarmu. Wani saurayi mai suna Mike Oldfield, yana ɗan shekara 19, ya haɗa wani dogon kiɗa wanda kusan babu waƙar baki a cikinsa, kuma shi da kansa ya kaɗa yawancin kayan kiɗan. Manyan kamfanonin faifai suka ƙi shi, don a ganinsu ba mai sayen irin wannan. Wani matashin ɗan kasuwa mai shagunan sayar da faifai, Richard Branson, shi ya karɓa, ya mai da shi faifan farko na sabon kamfaninsa Virgin a watan Mayu na 1973, da sunan Tubular Bells. A ƙarshen shekarar wani fim ɗin ban tsoro na Amurka, The Exorcist, ya ari farkon kiɗan, abin da ya ƙara masa masu nema. Duk da haka sai a watan Oktoba na 1974, bayan wata 16 da fitowarsa, ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin Ingila. Ribar wannan faifai da manya suka raina na daga cikin harsashin arzikin Branson, wanda ya kai ga kafa kamfanin jiragen sama na Virgin Atlantic a 1984.

Ga wani misalin da zai fi yi wa ɗan kasuwar kan iyaka daɗi. A 1971 ƙungiyar Van der Graaf Generator ta fitar da Pawn Hearts. A Ingila, ƙasarsu ta haihuwa, ko jerin ciniki bai shiga ba. Da ya tsallaka Italiya sai ya zama na ɗaya. Haka ita ma Genesis ta fara samun karɓuwa a Beljiyam da Italiya tun mutanen gida ba su waiwaye ta sosai ba. Wa ya fi mu sanin cewa kayan da suka yi kwantai a wannan gefen iyaka, a wancan gefen ana jiransu?

Akwai kuma waɗanda sai da shekaru suka shuɗe. King Crimson sun fitar da Red a watan Oktoba na 1974, alhali shugabansu Robert Fripp ya riga ya rushe ƙungiyar makonni kaɗan kafin nan. Faifan ya tsaya a lamba 45 a Ingila. A yau yana cikin waɗanda aka fi yabo a duk aikinsu, kuma makaɗan da suka taso bayansa sun sha ambatonsa a matsayin abin koyi. A watan Nuwamba na wannan shekarar Genesis suka fitar da The Lamb Lies Down on Broadway, faifai biyu masu ɗauke da labari guda mai wuyar fahimta, suka shiga yawon wasa a Amurka suna kaɗa shi daga farko har ƙarshe ga mutanen da yawancinsu ba su taɓa jin sa ba. An karɓe shi da sanyin jiki, amma yanzu da yawa daga masoyansu shi suke sawa a gaba. Shi kuwa The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, na 1973, ya samu kasuwa tun farko, sai dai abin mamakinsa daɗewa: mako 741 ya yi a jerin cinikin Amurka tsakanin 1973 da 1988, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 45 a duniya.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa duk abin da ya yi tsawo ya yi kyau. A ƙarshen 1973 Yes suka fitar da Tales from Topographic Oceans, faifai biyu, waƙa huɗu, kowace kusan minti 20. Ya yi kasuwa, amma mai kaɗa musu piyano da ogan, Rick Wakeman, bai ɓoye cewa a ganinsa an yi wa abin ciko ba, kamar buhun da aka ƙara wa ƙaiƙayi don ya yi nauyi, kuma ya bar ƙungiyar a 1974. Har yau masoyan ba su daina gardama a kansa ba. Wannan wuce gona da iri ya taimaka wajen tasowar wasu samari a 1976 da 1977 masu kiɗan fank na minti biyu ko uku, waɗanda suka mai da masu dogon kiɗa abin dariya. Saboda haka ma'aunin da muke bayarwa mai sauƙi ne: in ka saurari abu sau biyar, kuma a kowane ji kana tsintar wani sabon abu, to haja ce ta gaske. In kuwa ji na biyar bai ba ka komai ba sai hamma, ba laifinka ba ne.

Wannan kiɗa ma yana da 'yar dangantaka da yankinmu. Ƙungiyar Osibisa, wadda 'yan Gana uku, Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio, suka kafa a Landan a 1969 tare da abokansu, mai zanen da ya yi mata giwaye masu fukafukai a bangon faifanta na 1971, wato Roger Dean, shi ne ya yi wa Yes zanen bangon Close to the Edge. Peter Gabriel kuwa, mawaƙin Genesis da ya bar ta a 1975, shi ya jagoranci kafa bikin WOMAD a 1982 don gabatar da makaɗan Afirka da Asiya ga Turawa. Bikin farko ya jawo masa mummunar asara, har sai da tsofaffin abokansa na Genesis suka haɗu suka yi wasa ɗaya don a biya bashin. Bai fasa ba, kuma bikin ya rayu fiye da shekara 40.

Me ya sa muka tsaya a kan wannan? Saboda kasuwar kiɗa ta yau an gina ta ne a kan gaggawa. Manhajar Spotify tana lissafa cewa an saurari waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30, don haka mawaƙa da yawa ke jawo amshi zuwa farko kada mai sauraro ya tsallake. A TikTok kuwa ɗan guntu ake yanka a yi ta maimaitawa. Kunnen da ya tashi a haka ba zai iya jiran minti uku kafin kari ya bayyana ba, kuma ba Turawa kaɗai wannan asara za ta shafa ba. Mu ma muna da namu masu dogon zango tun kafin a haifi waɗannan samari na Ingila. Bakandamiyar Narambaɗa, da ta Alhaji Mamman Shata wanda ya rasu a 1999, da waƙar Shago ta Ɗan Anace, da waƙoƙin fada na Musa Ɗanƙwairo da Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, duk ba a gane su a zama ɗaya. Akwai habaicin da sai ka san wanda ake nufi, akwai salsalar sarauta, akwai tsohuwar Hausar da sai ka tambayi dattijo. Mutum kan yi shekara ashirin yana jin baiti guda, ran nan kawai ma'anarsa ta faɗo masa yana kan hanya.

A zamanin kaset mai minti 60 ko 90, dole mutum ya ji waƙa yadda take, don tariya da mayarwa na cin batir. Yanzu an samu sauƙi, amma sauƙin ya zo da illarsa. Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masu tura waƙoƙi a waya a kasuwanninmu da su riƙa zuba waƙa cikakkiya, kada su gutsure ta don memori ya ɗauki da yawa, kuma su rubuta sunan mawaƙi da sunan waƙa daidai. Wanda yake da tsofaffin kasakasai a akwati ya nemi a juya masa su tun zafi da ƙura ba su cinye zaren ba. Gidajen rediyonmu na kan iyaka su ware ko da awa ɗaya a mako da za a sa doguwar waƙa ba tare da an katse ta da talla ko gaishe-gaishe ba, a kuma kira masanin da zai warware ta bayan ta ƙare.

Wani zai ce ɗan kasuwa ina ya ga lokacin zaman minti ashirin? Mu da kan yi wuni, wani lokaci har da kwana, muna jiran takardun kwastan ko jiran mota ta cika, ba lokaci muka rasa ba. Duk wanda ke da sha'awa ya nemi ɗaya daga cikin faya-fayan da muka ambata, ko ɗaya daga cikin bakandamiyoyinmu, ya ji shi sau uku a ranaku daban-daban kafin ya yanke hukunci, kamar yadda ba ya yanke wa sabon abokin ciniki hukunci a haɗuwar farko. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu haƙuri da kasuwa mai albarka, amin.