A Yafe Bashi, Amma a Faɗa Mana Inda Kuɗin Suka Shiga

 Duk sanda rediyo ya ce shugabannin Afirka suna roƙon a yafe wa ƙasashe matalauta bashi, sai ka ji wasu a majalisar hira suna cewa ina ruwanmu, maganar manya ce. Wallahi da ruwanmu. Bashin nan yana biyo mu har Kasuwar Kure, yana cikin kuɗin mota da farashin mudun masara.

An taɓa yafewa fa. A 2005 ƙasashe takwas masu ƙarfin arziki suka amince a soke bashin da Bankin Duniya da Asusun Lamuni na Duniya ke bin ƙasashe 18, ciki har da Nijar da Gana da Benin. Nijeriya ba ta cikinsu, amma a watan Oktoba na wannan shekarar gwamnatin Obasanjo ta daidaita da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris. Cikin kusan dala biliyan 30 aka yafe 18, muka biya 12 da kuɗin mai, aka rufe littafi a Afrilun 2006. Aka yi alkawarin zuba rarar, wajen dala biliyan ɗaya a shekara, a asibitoci da makarantu da ruwan sha.

To yau fa? Bashinmu na waje ya haura dala biliyan 40. Bankin Duniya ya ce a 2022 biyan bashi ya cinye kusan kashi 96 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Mu kuwa, gidaje nawa ne a unguwar nan ba sa jiran ɗan garuwa da safe?

Yafiya daidai ce. Suratul Baƙara, aya ta 280, ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma fifita yafewa. Kaso mai yawa na bashin Paris ɗin ma kuɗin ruwa ne da tarar jinkiri, riba kan riba. Amma aya ta 282, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta ce a rubuta bashi, a kafa shaidu. Shugabanninmu ta farkon suka haddace, ta biyun suka tsallake.

Kowane ɗan kasuwa ya sani: yaron shagon da aka yafe wa asara, ya koma ya ci wani bashin da sunan maigida ba tare da lissafi ba, to ba tausayi yake nema ba, wawa yake nema.

Don haka duk mai neman ƙuri'a da ya shigo Bosso, musamman ɗan majalisar jiha, tunda su ke amincewa da rancen gwamna, kada mu tsaya ga atamfa da taliya. Mu tambaye shi: nawa ake bin Jihar Neja, wa ke bi, kuɗin ruwa nawa ne, wane aiki aka yi? In ya kasa amsawa, ya wuce. Jikokinmu ne za su biya, mu ne shaidun.

Allah Ya raba mu da ƙangin bashi, amin.