Sholay Ba Sa'an Titanic Ba Ne, Malam

Na karanta sharhinka kan fina-finan da ka kalla a gida, inda ka ɗora Titanic a sama, ka wurgar da Sholay, wai tsawo da waƙe-waƙe sun kashe shi. Haba Malam! Titanic na 1997 ma ya haura awa uku, kuma tun kafin ka zauna ka san jirgin nitsewa zai yi. Tsawon wannan bai dame ka ba, sai na ɗan Indiya?

Ina kyautata zaton kana kallon Sholay ne kana latse-latsen waya. In ba haka ba, ina kake lokacin da iska ta yaye mayafin Thakur, aka ga ashe Gabbar Singh ya guntule masa hannaye biyu? Nan kowa ya gane dalilin da Thakur, tsohon ɗan sanda, ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, haya. Kuma kwabon da Jai yake jefawa, sai bayan mutuwarsa Veeru ya gano fuskokinsa iri ɗaya ne. Ramesh Sippy ya fitar da fim ɗin a 1975, fim ɗin ya shekara biyar a silimar Minerva ta Bombay.

Parasite kam, mun daidaita; ya cancanci Oscar ɗinsa na 2020. Amma Sholay, ajiye wayar ka sake.