Daga riƙo zuwa rabuwa: me ya sa ake rufe ƙofar ɗaukar yara zuwa ƙetare?

A watan Satumban 2024 gwamnatin ƙasar Sin ta sanar cewa ta daina bai wa baƙi yaranta su tafi da su a matsayin ƴaƴansu, bayan da yara sama da dubu 160 suka bar ƙasar ta wannan hanya tun daga 1992. Watanni kaɗan kafin nan Holan ta dakatar da karɓar sabbin takardun masu neman yara daga waje. A watan Maris na 2025 kuwa, kwamitin gaskiya da sasantawa na Koriya ta Kudu, ƙasar da ta tura kimanin yara dubu 200 ƙetare, ya tabbatar da cewa an yi maguɗi a takardun yara da dama, har da rubuta masu iyaye a matsayin marayu, kuma ya ɗora alhaki a kan gwamnati.

Alƙaluma na nuna irin faɗuwar da harkar ta yi. A 2005 iyalan Faransa sun ɗauko yara 4,136 daga ƙasashen waje. A 2023 yara 176 kawai suka shiga. A Amurka adadin ya sauko daga kusan dubu 23 a 2004 zuwa ƙasa da 1,300 a 2023. A nahiyar Afirka, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta dakatar da ba da izinin fitar da yaran a 2013, Kenya ta bi sahu a 2014, majalisar dokokin Habasha ta haramta abin a watan Janairun 2018. Nijar kuwa a 2021 ta shiga yarjejeniyar birnin La Haye ta 1993, wadda ke tsara yadda yaro zai koma hannun wasu iyaye a wata ƙasa. Saboda haka batun ya shafi iyalai a Maraɗi da Damagaram da Tawa kamar yadda ya shafi ofisoshin Yamai.

Abin da iyaye ke ji da abin da takarda ke faɗi

A ƙasar Hausa riƙo tsohuwar al'ada ce. Goggo ta ɗauki ɗiyar ɗan'uwanta, kaka ta riƙe jika bayan yaye, wadda Allah bai ba haihuwa ba a ba ta ɗan ƙanwarta ta tallafa. Ɗan riƙo ya san ubansa, da sunan ubansa ake kiran shi, yana zuwa gida da salla, ranar aurensa kuma dangin uba ne ke tsayawa. Da yake zumunta a ƙafa take, riƙo ba ya yanke ta. Haka ma tsarin kafala a Musulunci: ana ciyar da yaro a tarbiyyantar da shi, amma ayoyin farko na suratul Ahzab sun hana a jingina shi ga wanda ba mahaifinsa ba.

Abin da dokar Faransa ke kira adoption plénière wani abu ne daban. Da zarar alƙali ya yanke hukunci, ana soke takardar haihuwar yaro ta asali, a rubuta sabuwa da sunan waɗanda suka ɗauke shi. Iyayen da suka haife shi sun zama bare a idon doka, kuma hukuncin ba ya warwaruwa. Matsalar ita ce idan tafinta ya zauna gaban mahaifin da bai yi lakwal ba, kalmar da ta fi saurin zuwa bakinsa ita ce riƙo. Uban ya dangwala yatsa yana zaton ɗansa zai je karatu ya dawo, alhali takardar na cewa ya rabu da shi har abada.

Wannan shi ne ginshiƙin ƙarar da mutum tara ƴan asalin Mali suka shigar a birnin Paris a watan Yunin 2020 a kan ƙungiyar Rayon de soleil de l'enfant étranger. Sun girma a Faransa, da suka koma neman asalinsu suka tarar da dangi a raye. Zargin da suke yi shi ne an shaida wa iyayensu cewa tafiyar ta wucin gadi ce, a can kuma aka mayar da ita ta dindindin. Ita kanta Mali, dokar iyali ta 2011 ta taƙaita ɗaukar yaro a matsayin ɗa ga ƴan ƙasa kawai.

Maƙwabciya Cadi ma ta ga nata. Ranar 25 ga Oktoban 2007 aka kama mambobin ƙungiyar Arche de Zoé a Abeche suna shirin sa yara 103 a jirgi zuwa Faransa, da sunan marayun yaƙin Darfur ne. Bincike ya nuna mafi yawansu ƴan Cadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko wani babba da ke kula da su. Iyaye da dama sun ce an yi musu alƙawarin sa yaran makaranta ne a cikin ƙasa. Kotun Njamena ta ɗaure mutum shida shekara takwas da aiki mai tsanani, ta kuma ci su diyyar sama da biliyan 4 na CFA, kafin shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008.

Inda kuɗin ke tafiya

A bisa doka ba a sayen yaro, yarjejeniyar La Haye ta hana cin riba ta haramtacciyar hanya. Sai dai hanyar na cin kuɗi. A Amurka ana ƙiyasta dala dubu 20 zuwa dubu 50 kafin yaro ya iso gida. A Faransa takardar amincewa da hukumomin jiha ke bai wa mai nema kyauta ce, tana aiki shekara biyar, amma abin da ke biyo baya sau da yawa yakan kai Yuro dubu 10 ko fiye: kuɗin ƙungiyar da ke shiga tsakani, fassarar takardu, lauya, gwajin likita, biza, tikitin jirgi, zaman makonni a otal, da gudummawar da ake bai wa gidan marayu.

Yuro dubu 10 ya haura miliyan 6 da rabi na CFA. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, wato jika 42 a wata, sai ya yi shekara 13 bai taɓa ko dala ba kafin ya tara su. A nan haɗarin yake. Idan gidan marayu na samun kaso a kan kowane yaron da ya fita, to yaron da ya koma wurin danginsa asara ce gare shi. Daga nan sai aiki ya juye: maimakon a nemo wa maraya iyali, sai a shiga ƙauyuka ana nemo wa masu kuɗi yara. Ƙungiyar Save the Children ta ƙiyasta cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke gidajen marayu a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su can, kuma kaɗan daga cikin waɗannan miliyoyin zai iya riƙe su a ɗakin uwarsu.

Nauyin da ke kan yaro

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin kuɗi. Yaro ɗan shekara biyu ko uku da ya saba da goyo da kwana cikin mutane, cikin kwana ɗaya zai tsinci kansa shi kaɗai a ɗaki, cikin sanyi, gaban abincin da bai sani ba, ana kiran shi da sabon suna. Likitocin yara sun san alamomin: firgita da dare, ɓoye abinci, manne wa kowane baƙo ko ƙin yarda kowa ya taɓa shi. Sabo da sabbin iyaye kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru.

Harshe ne ke fara tafiya. Wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2003 a kan manyan da aka ɗauko daga Koriya suna tsakanin shekara uku zuwa takwas ya gano cewa ba sa iya bambanta harshen Koriya da sauran baƙin harsuna. Ke nan ko an dace an gano uwa bayan shekara talatin, sai da tafinta za su gaisa. Ga kuma yaron Afirka da ya tashi a gidan Turawa: shi ne zai riƙa amsa tambayar daga ina ya fito, a makaranta da kan titi.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce gidan marayu ya fi. Binciken da aka fara a birnin Bukares na Romaniya a shekarar 2000 a kan yara 136 ya nuna cewa waɗanda aka fitar daga gidajen marayu aka ba iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari ci gaban ƙwaƙwalwa da natsuwa. Akwai kuma dubban yara, ciki har da masu naƙasa da waɗanda aka tsinta ba a san kowa nasu ba, da suka sami gida na gaskiya a ƙetare. Masu adawa da rufe ƙofar gaba ɗaya da wannan suke kafa hujja, kuma hujjar tana da nauyi.

Aikin da ke gaban Nijar

Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Afirka ta 1990 ta ce fitar da yaro waje shi ne mataki na ƙarshe, bayan an nemi dangi da iyalai na cikin ƙasa an rasa. Wannan sharaɗi ba ya aiki sai da takardu. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba, kowa na iya rubuta masa tarihin da ya ga dama.

Nijar ta riga ta ga ɗaya fuskar matsalar. A 2014 an gurfanar da mutane da dama, ciki har da manyan ƴan siyasa da matansu, bisa zargin shigo da jarirai daga Najeriya ta hanyar Benin da nuna su a matsayin ƴaƴan cikinsu. Wasu daga cikinsu sun musanta, suka ce bi-ta-da-ƙulli ce ta siyasa, kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai kuma ta yanke hukunci a 2017. Ko mene ne ra'ayin mutum game da shari'ar, ta tono abin da ba a cika faɗa a fili ba: gorin da ake yi wa matar da ba ta haihu ba, da rashin sanin halaltacciyar hanyar karɓar yaro.

Abin da ya kamata hukumomi su tsaya a kai a bayyane yake. Kada a karɓi amincewar uwa ko uba sai gaban alƙali, cikin harshen da suke ji, tare da faɗa musu ƙarara ko yaron zai dawo ko ba zai dawo ba. A raba kuɗin tafiyar da gidajen marayu da yawan yaran da ke fita. A adana takardun kowane yaro, domin wanda ya tafi yau zai dawo nan da shekara ashirin yana tambaya. A kuma ba riƙo da kafala takardar shari'a, yadda goggon da ta ɗauki maraya za ta iya sa shi lakwal, ta kai shi likita, ta yi tafiya da shi ba tare da ta yi ƙaryar ita ta haife shi ba.

Ga iyayen da wani zai zo wa da alƙawarin kai ɗansu waje kuwa, akwai tambayoyi uku kafin a dangwala yatsa: da sunan wa za a kira yaron, wane alƙali ne ya ga takardar, kuma yaushe zai dawo gida.