MU LEƘA UNGUWA: Ƙungiyar Makaɗa Da 'Yan Rawa, Wa Zai Ja Ragama?

A watan jiya mun yi muku alkawarin za mu ɗora a kan maganar magudanan ruwa da suka toshe a New Bell, to amma a yi mana gafara, wata magana ta sha gabanta, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Makonni uku da suka wuce aka yi jana'izar wani dattijo makaɗin kalangu a unguwarmu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ba za mu kama sunansa ba saboda iyalinsa, amma duk wanda aka ɗaura wa aure ko aka raɗa wa ɗansa suna tsakanin New Bell da Kongo da Bonaberi cikin shekara 40 ɗin nan ya san shi. Ya shigo Duwala yana saurayi, bayan da layin dogo ya kai Ngaundare a 1974. Da rana yana dako a tashar jiragen ruwa, buhun shinkafa da na koko a ka, da dare kuwa ya rataya kalangu ya yi wa mahauta da 'yan rawa kiɗa. Da ciwo ya kwantar da shi a wani asibiti aka miƙo takardar magani, sai aka rasa mai biya. Faifai aka zaga da shi a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, abin da aka tara bai kai jaka 30 ba. Mutumin da attajiran unguwar nan suka sha liƙa wa kuɗi a goshi, shi ne ya cika ana bin iyalinsa bashin allura.

A wurin sadakar bakwai ne samarin da suke taka masa rawa suka tayar da maganar kafa ƙungiya ta makaɗa da 'yan rawa da masu amada na Hausawan Duwala da kewaye. Kowa ya ce madalla. To amma kafin a gama rabon goro, an koma gardamar wa zai zama shugaba. Ƙungiya ba ta da suna, ba ta da ko dala a asusu, ga shi har an fara kumbure-kumbure a kan kujera. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan.

Da farko dai a sani, wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Tun kaka da kakanni kowace sana'a tana da sarkinta. Akwai Sarkin Fawa, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Aska, haka kuma akwai Sarkin Makaɗa. Baƙon makaɗi in ya shigo gari ba ya taɓa ganga sai ya je ya yi gaisuwa, a ba shi masauki, a nuna masa gidan da zai yi wasa da wanda ba zai je ba. In an tashi daga biki, a gaban babba ake zube abin da aka samu a raba, mai kiɗa da rabonsa, 'yan amshi da nasu, mai rawa da nasa, har yaron da ya ɗauko ganga ba ya tafiya hannu rabbana. Iyayenmu da fataucin goro da shanu ya kawo bakin teku sun zo da wannan tsari, suka dasa shi a New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka gab da yaƙin 1914 ta kuma zama matattarar baƙi. Tsarin ya yi aiki muddin kowa ya san kowa. Yau fa? Mai biki ya ɗauko yaro ɗaya da na'ura da manyan lasifika, ya kira 'yan rawa huɗu ta waya, a yi ciniki da kowa a ɓoye, wanda ya fi yunwa shi ke karya farashi. A ɗauki hoton rawarsu a watsa a TikTok da YouTube, dubban mutane su kalla, su kuwa ko kuɗin babur na komawa gida sai sun roƙa. In ɗaya ya gurɗe a ƙafa, shi da Allahnsa. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Wani dalilin kuma shi ne na doka. Tun dokar 19 ga Disamba 1990 mai lamba 90/053 aka sakar wa 'yan ƙasa mara su kafa ƙungiyoyi, a kai takardu ofishin parfe a yi rajista. Dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba 2000 ta sa 'yan rawa cikin masu haƙƙi a kan wasansu, ba mawaƙa kaɗai ba. Sannan a ranar 20 ga Yuli 2020 aka sa hannu a kan doka mai lamba 2020/011 wadda ta keɓanta ga ƙungiyoyin fasaha da al'adu, ta shirya su hawa-hawa kamar tsani, daga ƙaramar gunduma zuwa babba, zuwa yanki, har tarayya ta ƙasa baki ɗaya. Wato mu nan sai a fara daga Duwala ta Biyu, a hau Wuri, a hau Litoral. Masu fasaha da yawa sun yi ƙorafi a kan dokar lokacin da ake muhawararta, suna ganin ta ba minista ƙarfi fiye da kima, kuma ƙorafin nasu abin saurare ne. Sai dai ko ana so ko ba a so, wanda ba shi da ƙafa a matakin farko ba zai yi magana a na sama ba. Ranar da za a zauna a zaɓi wanda zai yi magana da yawun 'yan rawa na Litoral, masu asiko za su zo da takardunsu, masu ambasbe da esewe za su zo, masu bensikin za su zo. Mu da me za mu je? Da babbar riga?

Kuma kada wani ya ce rawar gargajiya wasan yara ce. A watan Disamba 2024, a taron UNESCO da aka yi a Asunsiyon ta ƙasar Paraguwai, an shigar da bikin Ngondo na maƙwabtanmu Sawa cikin kayan gadon duniya, a zama ɗaya da hawan sallar Kano. Shekara guda kafin nan an shigar da Nguon na Fumban. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, mutane ne suka zauna suka tsara abinsu suka rubuta. A Kano ma, 'yan Koroso da ake alfahari da su tun shekarun 1970 ba su kai inda suka kai ba sai da hukumar al'adu ta jiha ta riƙe su.

To mu dawo kan kujera. Mutum uku ake ambata, kuma kowannensu mun zauna da shi.

Na farko dattijo ne, ɗan gidan kiɗa, gadon abin ya yi. Da muka je gaishe shi muka ce, "Baba, yara fa suna son a yi zaɓe." Sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ni da na ɗaura wa ubanninsu ganga a kafaɗa, yau ni za a jera da su a ɗaga hannu?" Gaskiyarsa ta wani fanni. Babu wanda zai raba rigimar makaɗa biyu a gidan biki in ba irinsa ba, kuma shi ne in ya shiga gaban sarki za a ce masa sannu da zuwa. Amma ba ya karanta Faransanci, ƙafa kuma ta yi nauyi, ba zai iya zaryar ofisoshi daga Bonanjo zuwa Yawunde ba.

Na biyu saurayi ne mai kaifin baki, ya yi lakwal, wayarsa ba ta hutawa, shi ke samo wa yawancin 'yan rawa aiki. Nan ne kuma gizo yake saƙar. Wanda yake cin la'ada a kan kowane wasa, ta yaya zai zama shi ne mai tsayar da farashin da zai rage masa la'ada? Ba mu ce ya ci haƙƙin kowa ba, Allah ya sani. Amma ba a ba kura ajiyar nama, ko da kuwa kurar ta yi rantsuwa.

Na uku wani Alhaji ne ɗan kasuwa, mai hannun kyauta, ya ce shi zai biya kuɗin rajista da hayar ɗaki. Allah ya saka masa da alheri. Sai dai a nan muke jin tsoro fiye da ko'ina. Sana'ar kiɗa a wurinmu ta daɗe a ƙarƙashin iyayen gida, makaɗi ya saba da durƙuso da "ranka ya daɗe". In aka ɗora mai kuɗi a kai, ba ƙungiya aka kafa ba, fada aka buɗe. Ranar da aka zo zaɓen 'yan majalisa ko na meri, da gangunan ƙungiya za a tarbi ɗan takararsa, wanda ya ƙi zuwa kuma a ce ya yi butulci.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu dubi abin da ya sami mawaƙan ƙasar nan a kan kuɗin haƙƙin mallaka. An yi SOCADRA, ta rushe. Aka yi SOCINADA a 1990, ta bi sahu. A 2003 aka kafa CMC aka ɗora Manu Dibango, mutumin da duniya ta san shi tun 1972, bai wuce shekara biyu ba aka maye gurbinsa da Sam Mbende. A 2008 minista Ama Tutu Muna ta janye wa CMC izini aka kafa SOCAM, aka shiga kotu. A 2013 aka zaɓi Ndedi Eyango, aka soke zaɓen a kan maganar takardar zama ɗan Amurka. Sai a 2017 aka sake sabon lale da SONACAM. Duk tsawon wannan kai-komo, su wa suka sha wuya? Ƙananan mawaƙa da iyalan waɗanda suka mutu suna jiran rabo. Waɗannan fa mutane ne masu ilmi da lauyoyi. In har rigimar shugabanci ta yi musu haka, mu da muka fara tamu a kan tabarmar makoki sai mu yi hattara. A nan muke tunawa da marigayi Ali Baba na Garwa, wanda ya taka rawa a rukunin rawa na ƙasa ya fitar da sunan arewa har Turai, ya kuma rasu a 2004 bayan doguwar jinya. Suna ba ya sayen magani.

Ga abin da muke gani, wanda ya fi mu sani ya gyara mana. A raba rawani da alƙalami. Dattijo a bar masa girmansa, ya zama uban ƙungiya har iyakar ransa, ba zaɓe ba gardama, sulhu da horo da gaisuwar fada duk nasa ne. Shugaban gudanarwa kuwa a zaɓe shi daga cikin waɗanda gumin rawa ko na kiɗa yake ci da su, a yanka masa shekara biyu ko uku, in ya yi kyau a ƙara masa sau ɗaya, daga nan ya sauka ko da mala'ika ne. Saurayin nan mai lakwal ya dace da magatakarda, da sharaɗin duk cinikin da ya ƙulla a rubuta shi a littafi kowa ya gani. Alhaji kuma a sa shi cikin iyayen ƙungiya, a yi masa godiya a bainar jama'a, amma kada a ba shi mabuɗin akwati.

Akwatin nan shi ne zuciyar maganar. Kowane ɗan ƙungiya ya zuba abin da aka amince a kai duk mako, ko da dala ɗari ce, kuma a cire wani ɗan kaso daga kowane biki. Kuɗin jinya da na likkafani a ware su daban, kada a taɓa su don ɗinka anko ko sayen lasifika. Kada kuɗi ya fita sai da hannu biyu, a kuma karanta lissafi da Hausa a gaban kowa duk wata, ba da Faransancin da rabin mutane za su gyaɗa kai ba su ji ba. Wa zai riƙe? Mu dai da za a bi ta tamu, mace za a ba. Iyayenmu mata masu amada da kiɗan ƙwarya, magada Barmani Choge, su suka fi kowa yawan biki a unguwar nan, kuma shekara da shekaru suna riƙe adashe ba a taɓa jin an kai su gaban mai unguwa ba. Abin mamaki, a zaman da aka yi babu wanda ya tuna ya aika musu. Da muka taɓa wa wata Hajiya daga cikinsu maganar, sai ta ce, "Ɗana, in kun gama rabon kujerun ku zo mu nuna muku yadda ake tara kuɗi."

Mun san akwai masu cewa me ya kai jaridar al'umma ga zancen makaɗa, ga matsalar makaranta ga ta katin ɗan ƙasa. Wasu malamanmu kuma suna da magana a kan kiɗa da rawa, muna girmama su, fatawa ba tamu ba ce. Amma wanda aka zaga da faifai dominsa Musulmi ne, maƙwabci ne, a sahu ɗaya muke salla da shi. Maganar katin ma ba ta rabu da wannan ba. Yaran nan da tsakar dare suke tashi daga wasa, sau nawa masu sintiri suka tsare su ana ce musu baƙi, alhali a nan aka yanke cibiyar kakanninsu? Katin ƙungiya mai rajista, da lambar shugaban da za a kira ya zo ya tsaya musu, ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu dai an tsayar da cewa za a kai maganar gaban sarki, a kuma sake zama bayan sadakar arba'in, wannan karon har da mata. Mun roƙi a kawo kwafin dokar 2020 a fassara ta da baki kafin a ɗaga hannu a kan kowa, kuma wani malamin makaranta ya ɗauki nauyin haka. Bashin asibitin marigayi har yanzu da saura, mai niyyar taimakawa ya nemi limamin unguwa. Kalangunsa kuma yana rataye a zaure, an ce wani ya zo taya shi, babban ɗansa ya ce a dakata tukuna.

Maganar magudanan ruwa sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.